Kunnen Gombe: Daga Faifan Garmaho Zuwa Waƙar Cikin Waya

Gardamar da matasa ke tafkawa yau a majalisun Tudun Wada da Jekadafari, da cikin harabar Jami'ar Jihar Gombe, kan wace manhajar sauraron waƙa ce ta fi, sunayenta ne kawai sababbi. Wani ya ce Apple Music ta fi kowace tsabtar sauti, wani ya ce Spotify ta fi iya zaɓo wa mutum irin abin da yake so, na uku ya ce shi dai a bar shi da Audiomack ko Boomplay, don su ne ba sa cinye masa data. Masu sharhi kan waɗannan manhajoji a Turai da Amurka sukan fara awo da ingancin sauti, sauƙin amfani ya biyo baya. Tarihin yadda garin nan ya saurari waƙa cikin shekara ɗari da ta wuce ya bi wata hanya daban. An sha ajiye wa mutanen Gombe na'ura mai sauti tas a gefe ɗaya, da wata mai arha da sauƙin ɗauka a ɗaya gefen, kuma kowane karo mai sauƙin ce ke cin kasuwa. A ganina sun yi daidai. Sai dai akwai wuri guda da wannan zaɓi ya bar mana giɓi, kuma lokacin toshe shi yana ƙurewa.

Sauti mafi inganci da ƙasar Gombe ta taɓa ji shi ne na farko, wanda babu na'ura tsakanin makaɗi da kunne. Masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa a 1804 ta daɗe tana zaune a Gombe Abba, kafin Turawa su mai da hedikwatarta Nafada a 1913, sannan Gombe Doma, inda garin yake yanzu, a 1919. A duk tsawon wannan zamani, mai son jin kakaki da algaita da tambari sai ya isa ƙofar fada ranar sallah ko ranar naɗin sarauta. Mai son kalangu ya nufi dandali ko gidan biki, mai son sarewa ya bi makiyayi, kiɗan Tera da Bolawa da Tangale da Waja kuwa sai a garuruwansu, lokacin bukukuwansu. Matar da ke cikin gida tana da kiɗan ƙwarya da shantu a tsakanin 'yan'uwanta mata, abin da ya wuce haka sai wanda iska ta ƙetaro da shi ta kan katanga. Amon gangar yana dukan ƙirji, ba abin da ya rage masa, amma da taro ya watse waƙar ta tafi ke nan, sai abin da mutum ya haddace. Duk na'urar da ta zo daga baya ta rage wani abu daga wannan amo, ta biya da abin da bai da shi: a ji waƙa ba tare da mawaƙin yana nan ba.

Garmaho ya shigo ne tare da fatake da ma'aikata, a lokacin da auduga ke mai da Gombe garin kasuwa. An kafa masana'antar gurzar auduga a 1956, a wurin da har yau ake kira BCGA, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963 kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri. Amma tsohon faifai, mai juyi 78 a minti, abin da yake ɗauka a kowace fuska bai wuce minti uku da 'yan kai ba. Waƙar Hausa ba ta san wannan awo ba. Makaɗin fada ko na jama'a yana iya riƙe waƙa guda rabin sa'a, yana ƙara ɗiya gwargwadon wanda ya shigo fili da abin da ya bayar, 'yan amshi na karɓa masa. Dogon faifai da ya zo daga baya ya kai wajen minti ashirin a fuska, sautinsa kuma ya yi kyau ƙwarai, kamfanoni irin su EMI da ke Legas sun buga wa manyan makaɗan Arewa. Duk da haka faifai bai zama kayan talaka ba: yana da tsada, ƙura tana ƙarje shi, zafi yana lanƙwasa shi, ba a kunna shi a cikin mota ko a bakin gona. Abin da ya shiga kowane zaure shi ne rediyo mai batir. BBC ta fara shirye-shiryen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, kuma ta gajeren zango da matsakaicin zango ake kamo su, murya tana zuwa tana komawa cikin shuuu da ƙara. Ta wannan kafa mai ƙara ce mafi yawan mutanen yankin nan suka san muryar Mamman Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, ta nan kuma masu bin shirin Zaɓi Sonka suka riƙa aika kati suna gaida juna daga gari zuwa gari. Ko kusa rediyon ba ta kai faifai kyawun sauti ba, amma ita ce aka rungume.

Zamanin kaset shi ya fi cancanta a tsaya a kansa, don shi ya gina ɗabi'ar sauraron da muke kai har yau. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma ya cika Arewa ne a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa ma'aikaci da ɗan kasuwa suka iya sayen rikoda. In ana maganar sauti, kaset koma-baya ne a kan dogon faifai: yana da shuuu a ƙarƙashin waƙa, batir in ya yi sanyi murya ta ja, wani lokaci rikoda ta cinye zaren sai an zaro shi an naɗe da biro. Amma yana ɗaukar minti 60 ko 90, wato a karon farko waƙar Hausa ta samu wurin da za ta miƙe ƙafa. Yana shiga aljihu, yana aiki a motar haya daga Gombe zuwa Kano ko Yola, yana jure ƙura. Abin da ya fi duka, ana ɗaukar magana a kansa. Mutum ya ajiye rikodarsa gaban makaɗi a gidan biki, ko ya jingina ta da rediyo, ya samu nasa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar da ake kwafar kaset ana rarrabawa Arewa, 'yan kasuwar Gombe su saro, masu shaguna a Babbar Kasuwa da tashoshin mota su sake kwafa, abokai su kwafa daga nasu. Kowane kwafi yana ɗan dushewa a kan wanda ya gabace shi, har a kai ga wanda kiɗan ya koma kamar daga bayan ɗaki ake yin sa. Ba wanda ya fasa saye saboda haka. Kuma ba waƙar Hausa kaɗai ta ci moriyar ba. Tafsirin azumi da wa'azi da karatun Alƙur'ani da bege, waƙoƙin Fulatanci daga Adamawa da Garwa ta Kamaru, waƙoƙin ƙungiyoyin mata na coci a Kaltungo da Billiri, duk sun samu hanyar yaɗuwa wadda wani kamfani a Legas ba zai taɓa buɗe masu ba, don kasuwarsu ta yi masa ƙanƙanta.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin abin da ya faru da faifan CD. Shi ne na'urar gida mafi tsabtar sauti da ta taɓa shiga kasuwar nan. An fito da shi a 1982, yana zuba kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, ba shuuu, ba ja. Ya iso Arewa a makare, galibi ma a matsayin faifan fim, bayan da masana'antar finafinan Kano ta bunƙasa da waƙoƙin fiyano irin waɗanda fim ɗin Sangaya ya yayata a 1999, a daidai lokacin da Gombe, wadda ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoban 1996, ke cika da sababbin ma'aikata da ɗalibai. Amma CD yana son lantarki, ƙarzuwa kaɗan ta sa shi tsalle, kuma ba ya jure hanya mai gargada. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ba a daɗe ba wayoyin China masu memori da babbar lasifika suka cika gari, aka samu sabuwar sana'a: masu tura waƙa, da kwamfutarsu da ɗan janareto a rumfa, mutum ya miƙa memori a cika masa da waƙa ɗari biyu a kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. Waɗannan waƙoƙi an matse su ne zuwa MP3 mai kilobit 128, wasu ma ƙasa da haka, wato abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na bayanan da ke kan CD ba. Jama'a sun riƙe mafi kyau a hannunsu, suka ajiye shi da kansu, suka ɗauki wanda za a iya tura wa aboki ta Bluetooth, daga baya ta Xender, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Da wannan tarihi a zuciya ya kamata a auna manhajojin yau. Lissafin ba shi da wuya. Sa'a ɗaya ta waƙa a kilobit 128 tana cin wajen megabait 58. A kilobit 320, wanda Spotify ke ba masu biyan kuɗin wata, ta kai 144. Sautin da ba a rage masa komai ba, irin wanda Apple Music ta fara bayarwa a 2021, yakan haura 300. Gigabait ɗaya ke nan zai yi wa mutum kimanin sa'a 17 a mataki na farko, 7 a na biyu, 3 a na uku, a ƙasar da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Sannan a ina za a ji bambancin? Lasifikar waya ba ta iya fitar da amo mai kauri, Bluetooth kuma yana sake matse duk abin da ya bi ta cikinsa kafin ya kai kunne, har Apple da kanta ta bayyana cewa na'urorinta na kunne marasa igiya ba sa isar da cikakken sautin ta wannan hanya. Mai Keke NAPEP da ke kunna waƙa tsakanin Pantami da Tashar Dukku, cikin ƙarar inji da oda, zai biya ninki biyar ne a kan abin da kunnensa ba zai samu ba. Shi ya sa manhajojin da suka fi shiga hannun mutane su ne waɗanda suka gaji halin kaset. Boomplay, wadda ta fara a Najeriya a 2015, tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kwali, ba sai an nemo ta ba. Audiomack, wadda aka kafa a Amurka a 2012, tana barin sabon mawaƙi ya ɗora waƙarsa kyauta, mai sauraro kuma ya sauke da yawa daga ciki ya ji inda babu sabis. Spotify ta iso Najeriya a Fabrairun 2021, ta ƙware wajen jera wa mutum waƙoƙi, amma ajiye waƙa don ji ba da intanet ba sai mai biya. Apple Music ba ta da ɓangaren kyauta na dindindin. YouTube tana cin data saboda hoto, kuma ga wanda ba ya biya tana tsayawa da zarar an kulle waya, amma mai neman tsofaffin makaɗa can ya fi samun su, don masu sha'awa ne suka ɗora daga kasusuwansu. Ko a can sai ya yi haƙuri, ya gwada Dankwairo, ya gwada Dan Kwairo, don kowa da yadda ya rubuta. Wanda ya ga yadda aka kwashe makonni cikin duhu a 2024, bayan an lalata turakun layin wutar da ya taso daga Jos zuwa Gombe, ya san dalilin da ya sa waƙar da ke zaune cikin memori ta fi wadda ke jiran sabis daraja.

Za a ce wannan duk hanya ce ta lulluɓe gaskiya mai ɗaci, wato mutanenmu sun saba da mummunan sauti har kunnensu ya mutu. Ban yarda ba. Waƙar Hausa, ta fada ce ko ta noma ko ta siyasa, nauyinta yana kan magana: kirari, habaici, zambo, jerin asali, salon da mawaƙi ya juya karin magana. Mai sauraron Narambaɗa ko Aminu Ala yana bin kalma ne, kuma kunnensa a nan yana da kaifi ƙwarai, yana kama inda aka karya kari ko aka saki amsa-amo. Muryar ɗan Adam kuwa tana zaune a tsakiyar abin da kunne ke ji. Tsohuwar wayar tarho amo tsakanin hatz 300 da 3,400 kaɗai take ɗauka, amma mutum yana gane muryar ɗan'uwansa da duk abin da ya faɗa. Rediyo mai ƙara da kaset na kwafi na biyar da lasifikar waya duk suna isar da wannan yanki, wato suna isar da abin da aka zo nema. Amma akwai ɓangaren wannan suka da dole a karɓa. Abin da ƙananan lasifiku ke yankewa shi ne amon ƙasa, na tambari da ganga da babbar ƙwarya, wanda ake ji a jiki. Kuma masu sitidiyo suna haɗa kiɗa ne daidai da inda za a saurare shi: fiyano mai kaifi, murya siririya da na'ura ta gyara, amshi da ke zuwa da wuri don ya dace da gajeren bidiyo. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye Arewa a 2020 ta guntayen bidiyon da mutane suka ɗauka da wayoyinsu a cikin ɗaki. Yaron da ya tashi a kan wannan zai iya girma bai taɓa jin nauyin kotso ko taushi yadda suke ba, kuma wannan asara ce ta gaske.

Suka ta biyu ta fi nauyi: abin da nake kira sauƙi, a bakin mawaƙi sunansa sata. Mai kwafar kaset da mai tura waƙa ba su taɓa aika wa mai waƙar ko sisi ba. Gaskiya ne. Ga makaɗan dauri abin bai zama mutuwa ba, don abincinsu ba a sayar da faifai yake ba. Yana wajen ubangida, da gidan biki, da kyautar riga da doki da mota da kujerar Makka, kuma kowane kwafi da ya isa sabon gari yana ƙara masu suna ne da gayyata. Amma mawaƙan sitidiyo da masu shirya fim, waɗanda suka zuba jari suna jiran kasuwar faifai ta mayar masu, memori ya karya da yawansu. A nan manhajoji sun fi rumfar tura waƙa adalci, don suna ƙirga sauraro suna biya, ko da abin da ake biya kan sauraron da aka yi a Najeriya ƙanƙani ne saboda arhar kuɗin wata da na talla. Abin lura shi ne, ba wa'azin haƙƙin mallaka ne ya fara janye matasa daga rumfar ba, ba kuma alkawarin sauti mai kyau ba. Sun koma manhaja ne ranar da samun sabuwar waƙa a cikinta ya fi zuwa kasuwa sauƙi. Mawaƙin Gombe da ke son haƙƙinsa, hanyarsa ita ce ya sa waƙarsa inda ɗaukarta ta halal ta fi ta haram sauƙi.

Saura masu cewa a yi haƙuri, data za ta yi arha, wuta za ta tsaya, kowa zai mallaki abin sauraro mai kyau, a lokacin tsabtar sauti za ta yi rana. Ina fatan haka, kuma a nan ne giɓin da na ambata yake. Manhaja ba ta ƙara wa waƙa abin da babu shi a asalin ɗaukarta. In aka zuba ruwan kududdufi a sabuwar ƙwarya, ruwan kududdufi ne dai za a sha. Yawancin abin da ke yawo a intanet na tsofaffin makaɗa an ɗauko shi ne daga kaset na kwafin kwafi, aka matse shi ya shiga memori, aka sake matse shi wajen ɗorawa. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Ba wanda zai sake shiga sitidiyo. Su ma masu sa'a ne, don gidan rediyon Kaduna ya ɗauke su, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu. Kiɗan da Ba'amurke David Ames ya ɗauka a ƙasar Zazzau a shekarun 1960 har yau ana jin sa garau, saboda an buga shi a jerin faya-fayan UNESCO an kuma adana shi yadda ya kamata. Makaɗan fadar Gombe da na Dukku da Nafada, mawaƙan Tera na Yamaltu da Deba, masu kiɗan Waja da Tula da Tangale, da yawansu abin da ya rage na muryarsu kaset ɗaya ne ko biyu a cikin kwali a ƙarƙashin gado, zarensa yana narkewa da zafi, ga rikodar da za ta kunna shi tana ƙarewa a kasuwa.

Saboda haka wurin da ya kamata a dage kan ingancin sauti shi ne wajen adanawa, mai sauraro kuwa a bar shi da zaɓinsa na arha. Aikin bai fi ƙarfin jiha ba: rikoda mai lafiya, kwamfuta, na'urar da ke haɗa su, da mutum mai haƙuri. A kwafe kowane kaset sau ɗaya ba tare da matsewa ba, a rubuta sunan makaɗi da garinsa da harshensa da shekarar da aka ɗauka in an sani, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, sannan a fitar da ƙaramin kwafi a ɗora a manhajojin da mutane ke amfani da su, da sunan iyalan mai waƙar don abin da ya shigo ya isa gare su. Kira na ga gidan rediyo da talabijin na jiha, da Jami'ar Jihar Gombe, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, da majalisun masarautunmu, su buɗe ɗakunan ajiyarsu su fara da abin da ke hannunsu. Kai kuma mai karatu, in akwai kwalin kasusuwan mahaifinka a gida, kada ka bari a zubar ko a ba yara su warware zaren. Ka raba shi da rana da danshi, ka rubuta abin da dattawan gida suka sani game da kowane ɗaya tun suna raye.